Ƙwai ko injin qPCR: da wanne za a auna rigakafin kaji?

Ɗan'uwa mai tambaya ko ƙwai ko qPCR (injin da ke ƙirga ƙwayoyin halittar bairos) zai kashe wa kuɗi don auna yawan bairos a rigakafin cutar kaji ta Niyukasil, ni dai ƙwai zan ce maka, kuma duka biyun muna da su a ɗakin gwajinmu.

Tsohon injin ƙyanƙyasarmu ya girmi wasu daga cikin ma'aikatanmu, amma shi ya fitar da mu kunya. Wata rana wuta ta ɗauke tun daren Juma'a, janareta ya ƙi tashi, rigakafin da muka haɗa ya kwana biyu a firij mai ɗumi. Ran Litinin qPCR ya ba mu lamba kusan daidai da ta kafin ɗaukewar wutar, har mun fara murna. Ogarmu ta ce a kai wa ƙwai tukuna. Muka tsinka maganin ninki goma-goma, muka zuba 0.1 ml a kowane ƙwai mai ɗan tayi na kwana 10, ƙwai biyar a kowane mataki, muka mayar injin a kan digiri 37. Kullum da safe ina haska su da tocila. Wanda ya mutu cikin awa 24 na farko zubarwa ake, allura ce ta kashe shi. Da kwanakin suka cika muka sanyaya su, muka ɗebi ruwan cikinsu muka haɗa da jajayen ƙwayoyin jinin kaza, don nau'in bairos marar tsanani irin na rigakafin I-2 da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ba lallai ya kashe ɗan tayin ba, sai ka ga jini ya dunƙule za ka san bairos ya hayayyafa. Lissafin Reed da Muench na 1938, wanda da shi ake fitar da yawan bairos mai rai daga sakamakon ƙwai, ya nuna maganin ya faɗo ƙasa da EID50 miliyan ɗaya da ake so kowace kaza ta samu (EID50 ɗaya shi ne adadin bairos da zai kama rabin ƙwayayen da aka zuba wa). Da mun saki wannan kaya, da makiyaya sun ɗiga wa kajinsu ruwa kawai.

Shi qPCR gawa da mai rai duk ɗaya ne a wurinsa, ƙwayar halitta yake ƙirgawa. Yana da sauri, cikin awanni ka gama, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Namu na hannu muka saya, sinadaransa sun cinye mana kasafi.

Ka yi hattara da masu kawo ƙwai. Wani ya taɓa kawo mana na gonar da ake yi wa kajinta rigakafi, ya rantse masu tsafta ne na gwaji. Garkuwar uwa tana cikin gwaiduwa, tana iya ɓata maka sakamako. Ka nemi takardar gwajin jinin garken, in ya fara kame-kame ka sallame shi. Masu sinadaran qPCR ma ka buɗe kwalin a gabansu, ka duba ko ƙanƙarar ta narke.

Sayi injin ƙyanƙyasa mai kyau, ka haɗa masa sola da batir, sauran kuɗin ka ajiye na ƙwai.