Wata takwas da GIMP da Krita a shagon hoto a Argungu

Ina da ƙaramin shagon ɗaukar hoto a Argungu, kuma kusan rabin aikin da ke shigo mini a yanzu tsofaffin hotuna ne da mutane ke zarowa daga ƙasan akwati, waɗansu ruwa ya taɓa su, waɗansu gara ta ci gefensu, ana so a gyara, a faɗaɗa, a sa a gilashi. Shekaru da dama da Photoshop nake wannan aiki, amma tun 2013 kamfanin Adobe ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata, kuma da na auna kuɗin da abin da shagona ke samarwa, sai na ga gara in gwada manhajojin da ake bayarwa kyauta. Wata takwas ke nan da na ɗora GIMP da Krita a kwamfutar shago.

GIMP tsohuwar manhaja ce. Ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, su ne suka fara ta a 1995, kuma har yau masu aikin sa kai ne ke ɗawainiya da ita. Da samfurin 2.10 na fara. Makonni biyun farko sun tafi wajen koya wa yatsuna sababbin maɓallai, sai kuma wata al'ada tata da ta ɗan ɗaure mini kai: idan ka ce ta adana aiki, a nata tsarin na XCF take adanawa, wanda ke riƙe duk matakan aikin, amma idan JPEG ko PNG kake so, ƙofar fitarwa daban ce. Daga baya na gane cewa wannan rarrabewa kariya ce ga mai gaggawa irina.

Aikin da ya nuna mini ƙarfinta shi ne hoton wani dattijo da ya rasu, wanda matarsa ta kawo da kanta tare da jikanta. Hoton baƙi da fari ne, inci 4 da inci 6, an taɓa naɗe shi har ya tsage a tsakiya, ga kuma tabon ruwa a kan rawanin. Na ɗauke shi a sikana da ɗigo 600 a kowane inci, abin da ya ba ni ɗigo 2400 a faɗi da 3600 a tsawo, wato ana iya buga shi inci 8 da inci 12 a kan ɗigo 300 ba tare da ya dusashe ba. Dokata ta farko ita ce ba na taɓa ainihin hoton. Manhajar tana ba da damar jera aiki falle-falle, tamkar takardu masu shara-shara da aka ɗora bisa juna, don haka nakan kwafi hoton a sabon falle, in bar na asali a ƙasa yadda ya zo. Kayan aiki biyu ne suka ɗauki nauyin gyaran. Mai alamar hatimi yana kwaso wani wuri na hoton ya ɗora shi a wani wurin daidai yadda yake, bayan ka danne maɓallin Ctrl ka nuna masa inda zai ɗebo. Da shi na ɗinke tsagewar da ta ratsa babbar riga, ina bin zaren aikin wuyanta a hankali. Mai alamar filasta biyu a gicciye kuwa yana ɗebo saƙar wurin ne ya gauraya ta da hasken inda ka shafa, shi ya sa ya fi dacewa da fata da bango. Bayan haka na buɗe layin da ake lanƙwasawa don daidaita haske da duhu, na ɗan danne ƙasansa na ɗaga samansa, sai ga fuskar da ta yi fari fat ta dawo da inuwarta.

A nan ne na yi kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa. Na zuƙo hoton sosai har ba na ganin fuskar gaba ɗaya, ina ta share ƙananan layukan da ke kumatun dattijon, ina ɗaukarsu a matsayin karce. Da Inna, matar marigayin, ta dawo karɓa, ta daɗe tana duban allon kwamfutar, sannan ta ce, "Ɗana, aikin ya yi kyau, amma wannan ba Malam ba ne. Ina tsagarsa?" Ashe tsagar Kabawa ce na goge wa bawan Allah, ni da na tashi cikin masu irinta. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki ba ni minti goma." Abin da ya cece ni shi ne lulluɓin falle: ana ɗora shi a kan fallen da aka gyara, duk inda aka shafa baƙi sai na ƙasa ya bayyana, duk inda aka shafa fari sai ya sake rufuwa, ba tare da an goge komai ba. Na bi kumatun da baƙin buroshi mai laushi, tsagar ta dawo layi bayan layi tana kallo. Tun daga ranar ba na fara gyaran fuskar mamaci sai na tambayi iyalansa ko yana da tsaga, tabo ko wushirya.

Sanya launi a hoton baƙi da fari ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Ana buɗe sabon falle, a mai da shi tsarin da ke ɗora launi kaɗai ya bar haske da inuwa yadda suke, sannan a shafa. Riga da hula ba su da wahala. Fatar mutum ce ke tona asirin mai aiki, domin launin ƙasa-ƙasa guda ɗaya yakan sa fuska ta zama kamar an shafe ta da laka. Sai an ƙara ɗan ja a kumatu da leɓe, an rage ƙarfin fallen, kafin ta yi kama da ta mai rai. Masu kawo hoton biki suna yawan roƙon a haskaka musu fata. Nakan gyara hasken da kyamara ta ɓata, amma ba na son mai da amarya wata mace daban, ko da yake na san wasu abokan sana'a ba su ga laifin hakan ba.

Krita kuwa don zane aka gina ta, kuma tun daga buroshinta za ka gane haka. Tana cikin manhajojin KDE, ƙungiyar masu ƙirƙirar manhajojin kyauta, akwai gidauniya a ƙasar Holan da ke kula da ita, kuma samfurin 5.0 ya fito a Disambar 2021. Na haɗa ta da ɗan ƙaramin allon zane mai alƙalami wanda ke jin nauyin hannu, idan ka danna layi ya yi kauri, idan ka sassauta ya sirance. Na gwada ta da zanen bikin kamun kifi na garinmu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016: masunta sun faɗa kogin Matan Fada da gora da homa, ɗaya ya rungumo giwan ruwa. Na zana ƙashin hoton a falle guda, launi a wani, inuwa kuma a falle na uku mai tsarin ninkawa, wanda ke duhunta abin da ke ƙarƙashinsa. Abubuwa biyu suka fi burge ni. Akwai mai daidaita hannu da ke hana layi rawa, wanda ya taimaka ƙwarai wajen zagayen gora da bakin homa, sannan maɓallin M yana juya zanen hagu zuwa dama nan take, kuma da na juya nawa sai na ga kafaɗar masuncin ta karkace, abin da idona ya kwana uku bai lura da shi ba.

Ga mai aiki a inda wuta ke zuwa tana tafiya, Krita tana da wata falala: tana adana aiki da kanta lokaci-lokaci. GIMP 2.10 ba ta yin haka, don haka danna Ctrl da S ya zama mini jiki. Haka nan Krita tana iya aiki da tsarin launin injin buga takarda mai tawada huɗu, wanda ke da amfani idan kalanda za a kai maɗaba'a, domin shuɗin da ke ƙyalli a allo yakan fito a dishe a takarda. Amma wajen jera rubutu a katin gayyata ko fosta, GIMP ta fi mini sauƙin sarrafawa. Dukkansu suna buɗe fayil ɗin Photoshop, ko da yake wasu ƙawace-ƙawacen rubutu ba sa fitowa daidai.

Inda na fi jin bambanci da Photoshop shi ne yanke mutum daga bangon hoto. Gefen mayafi mai raga ko gashin jariri yana cin lokaci, domin da hannu nake bin sa da lulluɓi, kuma a ranar da ake jiran hotunan suna guda talatin, wannan jinkiri yana da tsada. Kwamfutata mai ma'adanar aiki gigabait 8 takan yi nauyi idan fallaye suka yi yawa a zane mai girman A3. Samfurin GIMP 3.0 da ya fito a Maris 2025 ya zo da damar komawa a sauya gyaran haske ko launi bayan an wuce shi, kuma na riga na ɗora shi a kwamfutar yaron shagona, wanda na ba shi hotunan makaranta guda biyar ya fara gwaji da su kafin in mai da tawa.