Injin fatsa na Shimano Tekota 600LC: kayan Alaska a hannun masu su na Abuja

Cikin kayan gwanjo da ke shigowa Abuja daga Amurka akan ci karo da wannan injin naɗe zare, wani lokaci har da sandarsa. Mai son fatsa zai gan shi da nauyi da ƙyalli ya ɗauka ya samu na kowane irin su. Ba haka ba ne, aiki ɗaya aka ƙera shi dominsa.

Aikin shi ne jan ƙugiya a bayan jirgi. A gaɓar Alaska, wajen garin Homer, ana fita teku a tsakiyar sanyi neman babban kifin salmon da suke kira sarki, har gasa suke yi a watan Maris. Na lokacin sanyi bai kai girman wanda ke hawa kogi don yin ƙwai ba (mafi girma da aka kama da sanda, mai kilo 44, a kogin Kenai aka same shi a 1985), amma mai ƙiba ne, kuma can ƙasa yake kiwo. Sai a saƙala ɗan kifi a ƙugiya, a nutsar da zaren da dunƙulen dalma mai kilo 5 ko fiye, jirgi yana tafiya a hankali. Da kifi ya cafka, zaren ya kuɓuce daga matsewar dalmar, ya rage daga kai sai shi.

Domin irin wannan jan ƙugiyar ne injin yake da ɗan agogo a samansa mai ƙirga tsawon zaren da ya fita. Mu ba mu da salmon, ruwanmu ya yi masa ɗumi, amma muna da giwan ruwa a Kainji, ita ma a zurfi take kwanciya kusa da duwatsu. Idan ta ci a lamba 80, sai ka sake sakin zare zuwa 80 ka bi ta wurin. Wannan kaɗai ya isa dalilin sayensa. A kula, na Amurka da ƙafa yake ƙirga ba da mita ba, ƙafa 100 kuwa mita 30 ce da ɗan ɗori.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Agogon ba zaren yake aunawa ba, juyawar gangar da zaren ke naɗuwa a kanta yake ƙirgawa. In gangar ba ta cika ba, kowane juyi zare kaɗan yake saki, sai agogo ya nuna 100 alhali abin da ya fita bai kai ba. A cika ta da zaren roba mai ƙarfin kilo 9 har kusa da baki, a auna mita 30 a ƙasa da tef, a ja zaren a duba ko agogon ya nuna kusan 100. In an fi son zaren saƙa, a fara shimfiɗa na roba a ƙarƙashi, in ba haka ba zai riƙa sulɓewa a jikin ganga, mutum ya zaci birkin da ke riƙe zaren ne ya mutu.

Birkin shi ne abin yabo na gaske. Tauraron da ke gefen hannu ake murɗawa, kuma in lafiyayye ne yana sakin zare sumul, ba fizga. Kafin ka biya, rataya manyan gorunan ruwa biyu na lita ɗaya da rabi a zaren, kilo 3 ke nan, ka sassauta tauraron har su fara sauka. In suna sauka suna cijewa, faifan birkin sun bushe ko gishiri ya ci su. Leƙa ƙarƙashin ƙafar injin ma, nan farin garin gishirin teku yake ɓuya. Sannan juya hannu ka kalli ɗan ƙarfen da ke kai da komo yana shimfiɗa zare: in ya maƙale a gefe guda, haƙorinsa ya cinye, zare zai taru wuri ɗaya ya toshe. Kayan gyaransa ba su cika samuwa a nan ba, don haka wanda ya gaza a nan a bar wa mai shi.

Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce. Tana haɗuwa da giris ta koma kamar yashi a kan wannan sandar kai da komo da ke fili. A goge ta, a ɗiga mai kaɗan, a sassauta birki gaba ɗaya, a ajiye cikin jaka.

Wanda fatsarsa ta tsaya a bakin tafkin Jabi yana neman karfasa da tarwaɗa, kada ya ɓata kuɗinsa. Ba a yi shi don jifa daga tudu ba: ganga za ta riga zare gudu, ya cukurkuɗe. Mai zuwa Kainji da jirgi kuwa ya saya, ya kuma ƙara ɗan guntun waya a gaban ƙugiya saboda haƙoran tsage.