Gidan tarihin Kentucky Derby: ko ba ka caca, kuɗin tikitinka bai faɗi ba

Yawancin mutanenmu in sun je Louisville a jihar Kentucky, wajen Muhammad Ali suke nufa, cibiyarsa da ke bakin kogin Ohio da kabarinsa a maƙabartar Cave Hill. Shawarata a ƙara rabin yini a leƙa gidan adana kayan tarihi na gasar tseren dawaki ta Kentucky Derby, wanda ke jikin filin sukuwa na Churchill Downs. Ƙanina da ke zaune a garin ne ya kai ni. Tun a mota na ce masa ni fa ba na caca, ya ce, "Yaya, ba wanda zai tambaye ka ko sisi bayan kuɗin shiga." Haka kuwa aka yi.

An buɗe gidan a 1985, ita kuwa gasar tun 1875 ake yin ta, yanzu ranar Asabar ta farkon watan Mayu, da dawaki 'yan shekara uku. Tazarar kusan kilomita biyu ce, kuma cikin minti biyu an gama. Akwai wani ɗaki da majigi ya kewaye ka ta ko'ina, kana kan kujera mai juyawa kana bin dawakin da ido, ƙarar kofato har cikin ƙirji. Daga nan ɗan rakiya ya fita da mu bakin filin, muka tsaya jikin shinge muna kallon hasumiyoyi biyu na kan rumfar 'yan kallo da aka gina a 1895. Ni da na saba da ingarmun hawan sallah masu kaya da tunku, sai na ga waɗannan sirara ne dogaye, sirdinsu bai fi faifai ba.

Inda na daɗe shi ne sashen da ake bayanin yadda ake zuba kuɗi. Tsarin daga Faransa aka aro shi: kuɗin kowa a tukunya ɗaya ake tarawa, masu fili da gwamnati su zare kasonsu tun kafin a saki dawaki, abin da ya rage a raba wa waɗanda suka canka. Ka ga ke nan ko wane doki ya zo na ɗaya, mai fili ba ya kwana da asara. Na yaba da ba su yi wa wannan kwana-kwana ba.

A nan na ci karo da trifecta. Ita ce cacar da sai ka faɗi dokin da zai zo na ɗaya, da na biyu, da na uku, kuma a jere daidai. In ka canki dawakin uku amma biyu suka yi musayar wuri, kuɗinka ya tafi. Na ciro waya na buga lissafi: ranar Derby dawaki har 20 ke shiga, wato 20 sau 19 sau 18, jeri 6,840 ke nan, ɗaya tak ne zai fito. Shi ya sa in ta faɗo take faɗowa da nauyi. A 2022 wani doki mai suna Rich Strike, wanda sai ana gobe gasa ya samu gurbi saboda an janye wani, ya ratso ta gefen shinge ya cinye. Wanda ya sa dala ɗaya ya dace da jerin ukun a ranar, dala 14,000 da ɗoriya ya kwasa. Ba a dai nuna maka hoton dubban da suka yayyaga takardunsu. A 2024 kuwa, karo na 150, sai da aka duba hoto kafin a raba dawaki ukun farko. Mystik Dan ya sha da ƙyar, na biyun sunansa Sierra Leone, abin da ya sa ni da ƙanina dariya, wai Saliyo ta kusa ɗaukar kofi.

Duk mai sauraron labaran Amurka da Turanci ya ji kalmar nan ta trifecta ko bai taɓa ganin filin sukuwa ba. Bayan zaɓen 2024 ita 'yan jarida suka yi ta nanatawa, saboda jam'iyyar Republican ta haɗa fadar White House da majalisar dattawa da ta wakilai a hannu ɗaya. 'Yan Democrat ma sun haɗa ukun a 2021, zaɓen rabin zango na 2022 ya ƙwace musu majalisar wakilai. A jihohi haka ake faɗa in gwamna da majalisun biyu duk na jam'iyya guda ne. Sai dai da ta fita daga fili ta yar da sharaɗin jerin, yanzu duk abu uku da suka haɗu sun isa. Har a kan masifa ana amfani da ita: ƙanina ya ce ranar da motar abokin aikinsa ta lalace, ga dusar ƙanƙara, ga wayarsa ba caji, da wannan kalmar ya ba da labari.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai yana wani sashe, na baƙaƙen fata 'yan sukuwa. A gasar farko, 13 cikin mahaya 15 baƙaƙe ne, kuma ɗayansu, Oliver Lewis, shi ya yi nasara a kan doki Aristides. Isaac Murphy ya ci sau uku. Jimmy Winkfield ya ci a 1901 da 1902, daga shi ba wani baƙi da ya sake ci, don wariyar launin fata ta ture su daga sana'ar. Shi Winkfield sai Rasha ya koma da hawa.

Batun ciki, a yi hattara. Akwai wurin cin abinci, amma shahararren abincin garin da ake kira hot brown da naman alade ake yi masa ado, kuma abin shan da gasar ta yi suna da shi, mai ganyen na'a-na'a da ƙanƙara, barasa ce. Mu shayi muka sha. A je da safe, lokacin da aka fi dacewa da ganin ana motsa dawaki, kuma a kauce wa makon gasar kanta, sai in mutum cunkoso ya je nema.