Gwanjon littafin Agatha Christie: an tona min mai kisan tun shafin farko

Littattafan Agatha Christie guda uku na yi oda wajen wani mai gwanjon littattafai da ke talla a WhatsApp, kuma wanda na fi ɗoki a cikinsu shi ne The Murder of Roger Ackroyd, na 1926. Kuɗin kun san yadda yake yanzu, ga na waybil. Bango lafiya lau, takarda ta ɗan yi ja, wannan bai dame ni ba tunda gwanjo ne. Abin da ya ƙona min rai shi ne, wanda ya riga ni mallakar littafin ya sa jan biro a shafin farko ya rubuta sunan mai kisan, har da ja masa layi biyu a ƙasa. Don Allah wane irin mugun hali ne wannan?

Na ɗauki hoto na tura wa mai kayan. Sai cewa ya yi, "Hajiya ki yi haƙuri, dila muke buɗewa, ba ma bin shafi-shafi. Ai labarin bai ragu ba." Wai bai ragu ba! Na ce, "Malam, a canza min." Ya ce guda ɗaya ya samu. Ban ba kowa shawarar sayen irin wannan littafi a wajensa ba sai ya buɗe muku shi a bidiyo.

Da haushin na fara karantawa, don kada kuɗina ya tashi a banza. Ackroyd attajiri ne a ƙauyen King's Abbot na Ingila, aka tsinci gawarsa a ɗakin karatunsa da wuƙa a wuya. Poirot kuwa, mai binciken laifi ɗan Beljiyam ɗin nan mai gashin baki, ya yi ritaya yana noman kabewa a ƙauyen, aka roƙe shi ya sa hannu. Tunda na riga na san mutumin, sai na zuba masa ido, kuma a nan na sara wa marubuciyar nan. Komai ta ajiye a gabanka, kai ne kake tsallakewa. 'Yan sanda sun maƙale wa sawun takalmi a bakin taga da ɓacewar Ralph Paton, agolan Ackroyd, shi kuma Poirot ya dage a kan kujera ɗaya da aka janyo daga jikin bango, da wayar da aka bugo daga tashar jirgin ƙasa. Wa zai damu da kujera?

Inda ya fi shiga raina shi ne lokacin da Poirot ya tara makusantan mamacin a tebur ya ce kowannensu akwai abin da yake ɓoye masa. Haka kuwa aka yi. Flora, 'yar ɗan'uwan Ackroyd, ta ɗauki fam 40 a ɗakin kawun nata, ta shirya ƙarya don rufe kanta. Cikin ma'aikatan gidan ma, wata 'yar aiki ta yi aure a ɓoye. Mai kula da gidan tana da ɗan da ba ta son a sani. Dukkansu ba su kashe kowa ba, kunya ce da tsoron bakin mutane, amma ƙaryarsu ce ta zame wa mai kisan bargo. Ga kuma Caroline, 'yar'uwar likitan ƙauyen, wadda daga falonta take jin labarin kowa ta bakin 'yan aiki da masu kawo kaya. Kowace unguwa da irin tata. Ina tsakiyar littafin har na ji na yafe wa mai jan biron.

Yafiyar ba ta kai ƙarshe ba. Da aka zo daren da Poirot ya warware zance, inda ya kamata in dafe ƙirji, sai na zauna ina gyaɗa kai kawai. Na yage wancan shafin na ba ƙanwata littafin, ta kira ni cikin dare tana salati, tana cewa, "Yaya, wallahi ban taɓa kawo shi a raina ba!" Wannan salatin na biya kuɗi don in yi. Na sake tura wa mai kayan saƙo ko zai rage min wani abu, ya karanta, har yau bai amsa ba.