Kumburin jijiyar saifa ko hanta: a toshe ta da waya ko a buɗe ciki?

Yawanci ba shi ne ke kai mutum asibiti ba. An je hoton ciki don tsakuwar ƙoda, sai likita ya ce ga wata jijiyar jini ta kumbura kamar balan-balan. Ta saifa aka fi samu, sai ta hanta. Ka'idar da ƙungiyar likitocin jijiyoyin jini ta Amurka ta fitar a 2020 ta ce a yi wa kumburin saifa aiki in ya wuce santimita 3, na hanta in ya wuce 2. Mace mai shekarun haihuwa kuwa, in na saifa ne, ba a jira ya girma, domin fashewarsa lokacin juna biyu kan tafi da uwa da ɗa.

Ni dai toshewa ta cikin jijiya na fi so, ban ɓoye ba. Likita zai huda jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, ya zura siririn bututu yana bin sa a allo har bakin kumburin, ya cusa 'yan wayoyin filatinam masu nannaɗewa. Jini ya daskare a kansu, shi ke nan. Inda jijiyar ta miƙe ana iya sa bututun raga mai rufi, jini ya ci gaba da wucewa, amma ta saifa murɗaɗɗiya ce, waya ta fi shiga. Saifar ma galibi tana tsira, tana shan jini ta ƙananan jijiyoyin gefen tumbi. Sau da yawa allurar kashe wurin ta isa, kwana ɗaya ko biyu an sallame ka. Zazzaɓi da ciwon gefen hagu na 'yan kwanaki ba abin mamaki ba ne. Mai ciwon ƙoda ya faɗa tun da wuri, saboda ruwan da ake ɗurawa don hoto yana iya taɓa ƙoda.

Tiyata kuwa yanka ne, kwanaki a gado, wani lokaci har a cire saifa, a bar ka da allurar rigakafi. In bututu ya kasa isa wurin, to babu makawa.

Abin da ya ƙona mu shi ne rashin bibiya. An yi wa yayata aikin toshewa da wayar lafiya lau, aka sallame ta ba wanda ya ce ta dawo hoto. Bayan shekara guda jini ya sake samun hanya cikin kumburin, sai da aka maimaita aikin. Saboda haka kafin ka sa hannu, tambayi likita yaushe ne hoton CT (hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla) na gaba, a rubuta maka a takarda. Tambaye shi kuma in abu ya ɓaci ana tsakar aiki, akwai likitan tiyata a kusa?

Sai macuta. Za ka ga mai tallan ƙwaya ko jiƙo wai yana narkar da kumburi cikin mako biyu. Ƙarya ce tsagwaronta, babu maganin sha da ke mayar da bangon jijiyar da ya saki. Akwai kuma wanda daga hoton sikanin kawai zai yanka maka kuɗin aiki, bai ga CT ba, bai san ko kumburin na gaske ne ko wanda bangon jijiya ya riga ya yage ba. Shi wannan kumburi na biyun, wanda kan biyo bayan ciwon fankiriyas (wata gaɓa a bayan tumbi) ko rauni, komai ƙanƙantarsa ba a barin sa. Wanda bai iya bambance maka su ba, tattara takardunka ka nemi wani.