Gawayin buntun shinkafa ya kusa kashe min masara, sannan ya cece ta

Bara da bazara wani mai sayar da kayan noma a Kura ya lallaɓe ni na sayi buhu 12 na gawayin buntun shinkafa, wanda 'yan boko ke kira bayoca. Ya ce idan aka cinna wa buntu wuta a fili, hayaƙin sama yake tafiya ya ƙara ɗumamar yanayi, amma idan aka turara shi cikin duro ba iska sosai, kabon ɗin, wato sinadarin da ke fita cikin hayaƙin, yana zama gawayi ya kwanta cikin ƙasa ɗaruruwan shekaru. Ni dai ba kabon ne ya dame ni ba, tsadar takin zamani ce.

Abin da bawan Allah nan bai faɗa min ba shi ne ba a zuba shi gaya. Na watsa shi busasshe, na yi huɗa, na shuka. Sati uku da tsirowa masara ta yi ɗorawa fatau, ta tsaya cak. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, taki ka zuba ko guba?" Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Sai da malamin gona ya zo ya ce gawayin duk ramuka ne ƙanana, idan ya shiga ƙasa da yunwa, abincin shukar yake fara tsotsewa. Wai kamata ya yi in cuɗa shi da kashin kaji ko takin shanu, in jiƙa, in rufe kamar sati uku. Dole na sayi buhun yuriya, abin da nake gudu tun farko.

To amma a watan Agusta ruwa ya ɗauke kwana 13. Gonata jigawa ce, ruwa ba ya zama. Masarar maƙwabcin nan ta nannaɗe ganye tun hantsi, tawa kuwa shar. Na tona kunya da hannu, wallahi da danshi. Nan na yafe wa gawayin, bana ma na ƙara buhu shida, na cuɗa da kashin kaji.

Mai sayarwar ne ban yafe wa ba. Ya rubuta sunana, ya zagaye gonar da waya yana aunawa, wai za a biya mu kuɗin kabon da muka binne. Duk na kira sai ya ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri." Ko sisi ban gani ba, ga farar rigata da ƙurar ta ɓata har yau ba ta fita ba.