Kafin a aiko da keken daji Zariya

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Matasanmu sun ga hotunan kekunan nan masu manyan tayu da ake ratsa daji da su, saƙo sai zuwa yake a turo musu. Kafin kowa ya haɗa kuɗinsa, ga yadda ake riƙon wannan keke a nan Sikotland.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tambayar da mai shago ke fara yi wa mai saye: kilo nawa kake? Sai ka amsa zai miƙa maka keken. Shokozobar gaba da iska take aiki, kuma a irin keken da ake doguwar tafiya da shi, iyakar motsinta milimita 100 zuwa 120 ne. Zai ɗura mata iska da wani ɗan famfo nata na musamman, ya ce ka hau da kayan hawanka ka tsaya cik, sannan ya auna yadda ta nutse. Abin da ake nema kamar kashi 20 cikin ɗari ne, wato milimita 20 a mai 100. In ta wuce haka, tana cin karo da dutse za ta kai ƙarshenta ta buga. In ba ta kai ba, hannunka ne zai sha jijjiga, tayar gaba kuma ta riƙa tsalle maimakon ta kama ƙasa.

Daga nan sai ya koma kan taya, ya rage mata iska. Na san a nan ne ɗan Zariya zai yi gardama. Mun saba mai faci ya ɗura har taya ta yi tauri, ya danna da babban yatsa ya ce ta yi. A nan ma'auni ake sawa. Taya mai faɗin inci 2.25 zuwa 2.4, mahayi mai kilo 70, abin da ake ba shi wajen psi (ma'aunin ƙarfin iska) 21 ne a gaba, 24 a baya. Taya mai taushi tana lanƙwashewa a kan saiwa da tsakuwa ta riƙe su, mai tauri kuwa zamewa take yi a kwana. An rage da yawa kuma, sai rim ya daki dutse ya lotse. Tsakanin daidai da ɓarna bai wuce psi uku ko huɗu ba, kuma babu yatsan da zai gane wannan.

Abin da ya sa ake iya rage iska haka, babu tif a ciki. Ana liƙe cikin rim da tef, a sa bawul, a zuba ruwan roba mililita 90 zuwa 120 a kowace taya. Ƙaya ta huda, ruwan ya bi iska ya toshe ramin kana cikin tafiya. Wallahi duk wanda tsidau da ƙayar bagaruwa suka taɓa sa shi turin keke daga Bomo zuwa Samaru ya san darajar wannan. Sai dai ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a zafin Maris da Afrilu kuwa zai fi saurin ƙafewa. Duk wata biyu a girgiza taya a saurara, in ba a ji motsin ruwa ba a ƙara. Bawul ɗin ma siriri ne, irin wanda ake kira Presta, bakin famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi.

Girman taya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rim ɗin wannan keke da ake ce wa inci 29 milimita 622 ne, na Raleigh da Phoenix ɗin iyayenmu kuwa 635. Babbar taya ta fi ta inci 26 haye rami da dutse cikin sauƙi, kuma in ta ɗauki gudu ba ta saurin sakinsa. Inda aka bar mu a baya shi ne nauyi: mai kyau a cikin waɗannan kilo goma ne ko ɗan sama, kusan rabin keken dattawa.

Hanyoyinsu kuma ginawa aka yi. A dajin Glentress kusa da Peebles, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Edinbara, kowace hanya da launinta: kore ta 'yan koyo, shuɗi, ja, sai baƙi ta ƙwararru. Hawa kyauta ne, kuɗin ajiye mota kawai ake biya. A nan aka yi gasar tseren keken daji ta duniya ta 2023, wadda Tom Pidcock ya lashe a ɓangaren maza. Amma fa ruwan sama ba ya ɗagawa, laka har wuya, sanyi ya kama yatsu har birki ya yi wuyar matsawa. Mu da Allah ya ba gindin Kufena, da marmara, da hanyoyin gona daga Shika zuwa Giwa, busassu kusan rabin shekara bayan kaka, ba wanda ya taɓa kafa ko allo ɗaya ya ce ga hanyar keke. Abin yana ci mini rai.

Inda nake jin tsoro shi ne hannun masu gyara da na masu keken kansu. Baƙin mai da muke zuba wa sarƙa, in ya haɗu da ƙurar hunturu, sai ya koma kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙa da haƙoran giya tare. Waɗannan kekuna faranti ɗaya gare su a gaba, mai haƙora 32 galibi, da giya 12 a baya daga haƙora 10 zuwa 51 ko 52. Sarƙarsu siririya ce. Akwai ɗan ƙarfen awo, yana nuna ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari sai a canja ta. Wanda ya jira sai ta fara zillewa, giyar baya gaba ɗaya zai saya. Ɗaurin da muke yi da sifana har sai noti ya yi ƙara shi ma ba ya tafiya da firam ɗin kabon, wato wanda aka yi da zaren kabon mara nauyi maimakon ƙarfe. Kusoshin kan keke 5 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) aka rubuta a jikinsu, da sifana mai ma'auni ake ɗaure su. An zarce, kabon ya tsage daga ciki ba a gani, sai ranar da ake gangarowa daga dutse ya karye. Birkinsu na mai ne, kuma na Shimano ba ya shan man birkin mota, ana zuba masa robobin ciki za su kumbura. Ɗigon giris ɗaya a kan faifan birki ya isa ya lalata takalminsa.

Su ma nan ba su rasa abin haushi ba. Da bazararsu sai ka kama layi na kwanaki kafin a duba maka keke, kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, kuma ba su cika gyara ba, cirewa suke su sa sabo. Mai gyaran keke na Sabon Gari da zai miƙar da rim da ido kana tsaye, samun irinsa a nan sai an tona. Ga kayan ba sa shiga juna: gindin tayar baya na sababbin kekuna milimita 148 ne, na waɗanda suka gabace su 142.

Don haka wanda ya nace, ya ce a aiko masa da na alminiyom mai shokozoba a gaba kawai. Zai fi na kabon nauyi da kilo biyu ko uku, amma zai jure. A haɗo masa da famfo mai ma'auni, da famfon shokozoba, da ƙarfen awon sarƙa, da kwalbar ruwan roba, da takalman birki, da hular kwano. Shokozobar tana son a buɗe ta a canja mai duk bayan hawan awa 50, da ƙurarmu ma kafin haka. Kada kuma a manta da ɗan ƙarfen da ke riƙe na'urar canja giya a jikin firam. Da gangan aka yi shi mai taushi don ya lanƙwashe in an faɗi, firam ya tsira, kuma yawancin kekuna kowanne da irin nasa. A sa guda biyu a cikin kwalin.